Waifai ya ɓace a laftof bayan afdet ɗin karnel: katinka bai ƙone ba

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta bayaninka, ka ce laftof ɗinka HP ce, Ubuntu 22.04 ke bisa kanta, shekaranjiya da dare ka yi afdet ta nemi ka yi ristat, tana tashi sai ka ga alamar waifai ta ɓace gaba ɗaya, ka shiga saitin ya rubuta maka No Wi-Fi Adapter Found, kuma wanda ka kai ma ya duba ya ce katin waifai ne ya ƙone, ko a canza shi ko a yi fomat a maida Windows, ga shi kuma furojet ɗinka na ciki. To kafin komi, don Allah kada ka bari kowa ya yi fomat ɗin wagga na'ura. Shekaru na yi ina gyaran kwamfuta nan cikin garin Sakkwato, kuma irin wanga da ka faɗa, waifai shina aiki lafiya lau jiya, yau an yi afdet ya tahi, da wuya ƙwarai ka ga katin ne. Kati ba ya jiran ranar afdet ya ƙone. Direbansa ne bai biyo sabon karnel ba.

Bari in ɗan yi maka bayanin mi ya faru don in ka gane wanga, sauran duk zai zo maka da sauƙi. Karnel shi ne uwar tsarin, shi ke magana da kayan cikin na'ura, allon rubutu, sikirin, hadis (wato hard disk, ma'ajiyar fayiloli), katin waifai duka. Kowane kaya na da ɗan shirin da ke yi musu tafinta, shi muke ce ma direba. A Linux direbobi iri biyu ne, akwai waɗanda ke zaune cikin karnel ɗin kansa, tare ake gina su tare ake sakin su, irin iwlwifi na katunan Intel ko ath9k na Atheros, su waɗanga in an sabunta karnel tare suke tahowa. Akwai kuma na waje, waɗanda kamfani ya bayar daban ko wani ya ɗora a intanet ka sauke ka haɗa da hannunka, irin wl na Broadcom da wasu na Realtek. Shi direban waje kamar riga ce da tela ya ɗinka ma mutum guda da awonsa, an gina shi ne daidai da lambar karnel guda, ranar da lambar ta canza karnel ba zai ko karɓe shi ba sai an sake ɗinki. Masu Linux ba su taɓa yin alkawarin cewa cikin karnel zai tsaya yadda yake don direbobin waje ba, suna canza abin da suka ga ya kamata. Saboda haka aka yi wani shiri mai suna DKMS, kamfanin Dell ne ya fito da shi tun 2003, aikinsa duk sanda sabon karnel ya shigo ya sake gina direbobin waje da kansa. In ya yi nasara ba ka ma sanin an yi komi. In ya kasa sai ya rubuta kuskure cikin dogon rubutun nan da ke gudu lokacin afdet wanda ba mai karantawa, kai kuma ka yi ristat ka tarar babu waifai. Kuma Ubuntu 22.04 da karnel 5.15 ta fito, amma ta tebur, wato Ubuntu Desktop irin taka, tana bin layin da suke ce ma HWE, shi ya sa aka riƙa ɗaga mutane zuwa 5.19, 6.2, 6.5 har 6.8, ba ƙaramin tsalle ba ne, kowane tsalle na iya karya direban waje.

To abu na farko, kuma shi ɗai ma zai iya maido maka da waifai yau ɗin nan: tsohon karnel ɗinka na nan bai tahi ko'ina ba, Ubuntu na ajiye na baya. Ka kashe na'ura ka kunna, da zarar tambarin HP ya wuce ka riƙe Shift, in ba ta yi ba ka sake ka riƙa taɓa Esc a hankali (ka lura a HP in ka danna Esc da wuri menu na HP ɗin kansa zai fito, ba shi muke nema ba, sai ka ɗan jinkirta). Baƙin allo zai fito mai rubutu, GRUB ke nan. Ka zaɓi Advanced options for Ubuntu, za ka ga jerin lambobi, na sama shi ne sabo, ka sauko ka ɗauki mai ƙaramar lamba, wanda ba a rubuta recovery mode a gabansa ba. In ta tashi ka ga waifai ya dawo, magana ta ƙare, kati lafiya lau yake, kuma yanzu kana da intanet ɗin da za ka yi gyara da shi. Amma ka ji ni da kyau, kada ka buga apt autoremove yanzu, shi ke share tsofaffin karnel, kada ka sare reshen da kake zaune bisa.

In kuma ka rasa tsohon ko shi ma bai kawo ba, wayarka ta isa. Ka jona wayar Android da kebul, ka shiga saitin wajen hotspot ka kunna USB tethering, laftof za ta ɗauke shi kamar intanet na waya ba tare da ka sa komi ba. Kebul ɗin dai ya zama mai ɗaukar data, da yawan waɗanda ake saidawa bakin titi caji ɗai suke yi, in ka ga wurin kunnawar ya ƙi dannuwa to kebul ne, canza wani.

Sai ka buɗe tamina, wurin da ake buga umarni, da Ctrl da Alt da T ka gano wane kati ke ciki, don "HP ce" ba amsa ba ce, HP iri guda sai ka buɗe biyu ka ga wagga Realtek waccan Intel. Buga wanga:

lspci -nnk | grep -iA3 net

Ka nemi layin da aka rubuta Network controller. Ƙarshensa akwai lambobi biyu da ɗigo biyu tsakani, na farkon shi ke faɗin kamfani: 8086 Intel, 10ec Realtek, 14e4 Broadcom, 168c Atheros, 14c3 MediaTek. Ƙarƙashinsa ka duba ko akwai Kernel driver in use. In layin babu shi gaba ɗaya to kati na nan, na'ura na ganinsa, ba dai wanda ke tuƙa shi. Wanga ɗai ya isa ya ƙaryata maganar ƙonewa, don katin da ya mutu murus sau da yawa ko sunansa ba ya fitowa a nan. Ka buga uname -r kuma ka rubuta lambar karnel ɗin da kake ciki a takarda, ka buga rfkill list ka gani ko an rubuta yes gaban Soft blocked ko Hard blocked. Na farkon rfkill unblock all na buɗe shi, na biyun kuma maɓalli ne a jikin na'ura, a HP da yawa F12 ne mai ɗan haske, in ya yi ruwan goro a kashe yake. Na sha ganin wanda ya kwana biyu shina neman direba alhali hannunsa ne ya taɓa maɓallin.

Yanzu ga abin da ni nake fara zargi a garin nan kafin ma in je ga DKMS, wato afdet ɗin bai ƙare ba. Ka ce da dare ka yi. An ɗauke wuta, batirin tsohuwar laftof bai riƙe minti goma, ko data ta ƙare tsakiya, ko netwok ya yanke, sai a shigar da rabi a bar rabi. A Ubuntu karnel ba ƙunshi guda ba ne, akwai linux-image, akwai linux-modules, akwai kuma linux-modules-extra, kuma mafi yawan direbobin waifai, har na Intel da Realtek na cikin gida, cikin wanga na ukun suke. In na farko da na biyu sun shiga na uku bai shiga ba, na'ura za ta tashi tsaf kamar ba komi, waifai ne ɗai zai ɓace, wani lokaci har da sauti. Maganinsa, kana cikin sabon karnel da intanet ɗin waya:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt update
sudo apt -f install
sudo apt install linux-modules-extra-$(uname -r) linux-firmware

sannan ristat. Na sa linux-firmware a ciki don shi ke ɗauke da ƙananan fayilolin da ake loda ma katin kansa duk sanda aka kunna, sabon direba kan nemi sabon fayil, in babu shi zai tashi ya koma ya kwanta. Kana iya tabbatarwa da sudo dmesg | grep -i firmware, in ka ga failed to load da sunan fayil a gaba, shi ne. Ka duba df -h ma ko hadis ya cika, don cikar wuri na tsaida afdet tsakiya kamar yadda ɗaukewar wuta ke yi.

Akwai wata ɗaliba da ta zo mini daga can Dundaye wajen jami'a, ƙarshen zango, ido ya yi ja, an riga an ce mata gobe ta kawo kuɗin kati da na fomat, duk babi huɗu na aikinta na ciki ba ta da kwafi ko'ina. Na jona wayata, na buga dpkg --configure -a, sai ga shi ya ci gaba da shigar da kaya daga inda ya tsaya daren da wuta ta tahi, muna zaune muna kallon rubutu na gudu, kafin shayin da na aika a sawo ya iso alamar waifai ta fito a kusurwar sama. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don da ta biya ta wani wurin da safe da aikin wata da watanni ya tahi a banza saboda layi guda. Shi ya sa nake ce maka yanzu ɗin nan kafin ka ci gaba da karatun wanga, ɗauko filashi ka kwafe furojet ɗinka.

In wancan bai yi ba, sai mu zo ga DKMS. Buga dkms status. In ya ce ba a san umarnin ba ko bai fito da komi ba, ba ka da direban waje ta wagga hanya. In ya fito da suna irin bcmwl ko broadcom-sta ko rtl8821ce, ka duba gaban lambar sabon karnel ko an rubuta installed. In added ɗai ka gani, ko kuma tsohon karnel ɗai ke da installed, to ginin ne ya faɗi. Dalilin da ya fi yawa shi ne rashin fayilolin da ake gini da su:

sudo apt install build-essential dkms linux-headers-$(uname -r)
sudo dkms autoinstall

Kuma tunda 22.04 gare ka ga wani tarko da ya kama mutane da yawa. Ita 22.04 da gcc 11 take zuwa, shi ne shirin da ke gina direba, amma sababbin karnel ɗin HWE da gcc 12 aka gina su, sai DKMS ya je neman gcc-12 ya rasa ya tsaya. sudo apt install gcc-12 sannan ka maimaita dkms autoinstall, shi ke nan. In har yanzu ya ƙi, kada ka yi ta canki-canki, shi da kansa shina rubuta dalilinsa a fayil mai suna make.log cikin /var/lib/dkms/ ƙarƙashin sunan direban da lambarsa, jakar build. Ka buɗe ka nemi layin farko mai kalmar error, na farkon nake nufi ba na ƙarshe ba, don sauran duk 'ya'yansa ne. In ka ga shina kukan wani aiki na cikin karnel da bai gane ba, to direban ne ya tsufa ma karnel ɗin, ba abin da za ka buga ya gyaru sai an sami sabon fitowarsa.

Nan ne sanin katin ke da amfani. In lambar da ka gani 10ec:c821 ce, RTL8821CE ke nan, ya cika ƙananan HP ɗin nan da ake kawowa, kuma shekarun baya dole sai da direban waje yake aiki, shi ya sa duk tsofaffin bayanai na intanet ke ce maka sauke kaza ka haɗa. Amma tun karnel 5.9 aka sa masa direba na cikin gida mai suna rtw88_8821ce, kuma ya ƙara gyaruwa a karnel ɗin baya-bayan nan. Matsalar ita ce lokacin da aka sa na wajen yawanci an rubuta a toshe na cikin don kada su yi rigima bisa kati guda, yau na wajen ya faɗi, na cikin kuma na ɗaure, kati ya zauna ba kowa. Duba da wanga:

grep -r blacklist /etc/modprobe.d/ | grep -iE "rtw|rtl|8821|b43|bcma|brcm"

In ka ga an toshe rtw88_8821ce, ka cire direban wajen, in ta apt aka sa shi sudo apt purge rtl8821ce-dkms, ka goge layin toshewar ko ka sa # a farkonsa, ka buga sudo update-initramfs -u ka yi ristat. Ni a ganina wagga ita ce hanya mafi kyau ga mai wanga kati, don daga ranar afdet ba ya ƙara taɓa ka. Ɗan'uwansa RTL8723BE, 10ec:b723, nasa ciwon daban ne, waifai na nan amma sai ka manna laftof jikin rawuta kafin ta gani, saboda waya guda ta eriya aka jona masa direban kuma shina sauraron ɗaya ramin. Ana gyara shi da rubuta options rtl8723be ant_sel=2 cikin wani fayil da sunansa ya ƙare da .conf a /etc/modprobe.d/, in bai yi ba a gwada 1.

In kuma 14e4 ka gani, Broadcom, sai haƙuri kaɗan. Wasu katunansu irin BCM43142 ba su da wani direba sai wl na kamfanin, kuma kamfanin ya daɗe da daina sabunta shi, masu kula da Ubuntu da Debian ne ke ta yi masa faci duk sanda karnel ya motsa. Shi ma in ya shiga shina toshe b43 da bcma da brcmsmac. Ka gwada sudo apt install --reinstall bcmwl-kernel-source ka karanta ƙarshen abin da ya rubuta, a Debian da sababbin Ubuntu sunan ƙunshin broadcom-sta-dkms.

Saura guda mai ruɗa mutane, dkms status ya ce installed, komi daidai, waifai babu. Ka gwada loda direban da hannu, misali sudo modprobe wl, in ya amsa maka da Key was rejected by service to Secure Boot ne ya hana, ba ya barin direban da ba shi da sa hannun da ya sani. mokutil --sb-state zai faɗa maka ko a kunne yake. Ka buga sudo update-secureboot-policy --enroll-key, zai sa ka zaɓi fasiwod na wucin gadi, ka yi ristat. Nan ka buɗe ido, wani shuɗin allo zai fito shina ƙirga daƙiƙa goma, mutane da yawa tsoro suke ji su bar shi ya wuce ko su danna Continue boot, shi ke nan sun koma gidan jiya. Ka taɓa kowane maɓalli, ka zaɓi Enroll MOK, Continue, Yes, ka rubuta fasiwod ɗin nan, ba za ka ga ko ɗigo ba lokacin da kake rubutawa, haka yake, ka danna Enter. Kana iya kashe Secure Boot ɗin daga BIOS da F10, ya fi sauri, amma in akwai Windows a gefe mai BitLocker, shirin da ke kulle hadis, kada ka taɓa sai kana da makullin dawo da shi a hannu. Kuma tunda na ambaci Windows, in biyu kake gudanarwa ka kashe Fast Startup a can, don ba ya kashe na'ura duka, shina barin katin rabi barci rabi farke, Linux ya zo ya kasa tada shi.

To in duk an yi sabon karnel ya ƙi, ka zauna bisa wanda ke maka aiki, ba laifi ba ne. Sai dai ban so ka daskare da lamba guda ka daina afdet gaba ɗaya kamar yadda wasu ke yi, don cikin afdet ɗin nan ake toshe ramukan tsaro. Abin da ya fi, sudo apt install linux-generic, wanga zai kawo maka layin 5.15 na asali wanda ake ci gaba da yi ma gyaran tsaro ba tare da tsalle ba, kuma 22.04 na da tallafi har 2027. Don na'ura ta riƙa tuna wanda ka zaɓa, ka buɗe /etc/default/grub ka maida GRUB_DEFAULT=saved ka ƙara layin GRUB_SAVEDEFAULT=true, ka buga sudo update-grub, sai ka zaɓi 5.15 ɗin sau guda a GRUB. Laftof ɗin da ta kwana biyu ba ta rasa komi da 5.15, sabuwa fil ce ɗai kan buƙaci na gaba.

Maganar canza kati kuma, ba don ya ƙone ba, amma in Broadcom ne kuma ka yi niyyar zama da Linux, ni da kaina zan ce ka canza in ka sami hali, ka huta. Ɗan abu ne bai kai faɗin yatsa biyu ba, sukuru guda ke riƙe da shi, da siraran wayoyi baƙa da fara masu ɗan maɓallin zinare a kai, da farce ake ɗaga su a tsaye a hankali, in ka ja gefe kan ya tsinke, ka ga kuwa ƙurar hunturun nan tamu ta kan taru a wurin har sai an hure kafin ka gan su. Ana samun na Intel cikin matattun laftof wurin masu gyara, 7260 ko 8265 ko AX200, sai dai a duba ramin ko mini PCIe ne ko M.2, kuma wasu tsofaffin HP da Lenovo BIOS ɗinsu na ƙin katin da ba na jerinsu ba, don haka a gwada a gabanka kafin ka biya. Ɗan waifai na USB ma na fidda kai, amma kada ka saya da sunan kwali, TP-Link TL-WN722N na farko Atheros ne ke ciki shina aiki kai tsaye, na biyu da na uku Realtek ne ko da yake kwalin kusan iri guda, ka tahi da laftof ɗin shagon a soka a gani.

Ka fara da kwafe furojet, sannan GRUB da tsohon karnel. Bayan nan ka turo mini abin da lspci ɗin nan da uname -r da dkms status da rfkill list suka fito da shi, ka ɗauki hoton sikirin da waya in kwafewa zai yi wuya, ka dai tabbatar lambobin ƙarshen layin Network controller sun fito sarai a hoton.